Boris Ɗin Feda: Mai Araha Ko Mai Tsada?

 Yau daga gida Rimin Gado nake magana, kuma hirarmu a kan keke ce. Eh, keke! Kar ku yi dariya. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, kekunan da aka rataye a zaure suka sauko. Ɗalibi, malamin firamare, mai kai kaya kasuwa, kowa ya koma taka feda.

Ga abin da ya jawo maganar. Ƙanena da keke yake zuwa makaranta. Bara feda ta fara ƙara, ƙas-ƙas, muka kai wajen mai gyara. Ya ce boris ne, akwai mai araha, akwai mai tsada. Ni da digirina na ce a sa mai arahar, ai ƙarfe ƙarfe ne. Ba a yi wata biyu ba, ranar jarrabawa, feda ta cije masa a hanya. Turo keken ya yi, ya isa an riga an raba takarda. Wallahi har yau abin yana damuna, don ni na yanke shawarar. Araha ba ta ado.

To mene ne boris ɗin nan? Ka duba ƙasan keke, inda hannuwan feda biyu suka haɗu. Akwai sandar ƙarfe da ta ratsa ta cikin rami, tana juyawa a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Ƙarfin ƙafarka ta hagu ta nan yake bi kafin ya kai ga sarƙa. Iri biyu ne a wajenmu.

Na farko shi ne na kwancewa, irin na Phoenix da Raleigh na iyayenmu: kofi biyu, sanda, da ƙwallaye, yawanci 11 kowane gefe idan a warwatse suke. Ana buɗe shi, a wanke, a sa giris, a mayar. Matsalarsa ƙurar hunturu da taɓon damina suna shiga, su haɗu da giris su koma kamar yashi. Idan ƙarfen mai taushi ne, nan da nan sai ya yi rami-rami.

Na biyu shi ne rufaffe, dunƙule guda, irin wanda kamfanin Shimano na Japan da wasunsa ke yi. Yana da roba mai tare ƙura, ba ya son kulawa, amma in ya mutu ba a gyara shi, sai dai a sake sabo. Ya fi tsada, kuma akwai jabu a kasuwa, kwali mai kyau, ciki ba komai.

To wanne za ka saya? Ka fara duba kekenka. In fedarka irin ta da ce, wadda ake ɗaurewa da ƙusa mai noti, rufaffen ba zai shiga ba sai ka canza hannuwan feda gaba ɗaya. Kai naka shi ne na kwancewa, amma ka nemi mai ƙarfe mai tauri. Ka shafa inda ƙwallayen ke bi, ka ji sumul. In kuwa kekenka irin na Kwatano ne mai giya, kuma kullum kana kan hanya, misali daga Gulu ko Butu-Butu zuwa cikin gari, ko kana bin titin Gwarzo har sabuwar BUK, to rufaffe na gaske zai mayar maka da kuɗinka. Lissafin ba na kuɗin yau ba ne kawai. Ka haɗa da kuɗin mai gyara sau uku, da yinin da ka rasa.

Amma kar a ruɗe ka da wanda ya wuce haka. Akwai masu ƙwallayen tangaran da 'yan tsere ke sakawa a Turai, wani kuɗinsa ya fi na kekenka duka. Su daƙiƙa suke nema, kai buhun masara kake ɗauka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abu uku kafin mu rufe. Ɗaya, ka tafi da tsohon kasuwa. Yawancin kekunanmu faɗin ramin milimita 68 ne, amma tsawon sanda ya bambanta. Biyu, kofin dama, na gefen sarƙa, a yawancin kekuna baibai yake kwancewa. Wanda bai sani ba zai yi ta dukansa da guduma har ya cinye zaren ramin, kuma in zaren ya tafi, gangar jikin keken ce ta shiga matsala. Uku, ka riƙe hannun feda ka jijjiga shi gefe da gefe. In ka ji yana wasa, kar ka jira. Kuma in naka na kwancewa ne, giris za ka sa bayan kowace damina, ba baƙin mai ba.

Shi ƙanen nawa, daga baya na saya masa mai kyau, ga shi har yau shiru kake ji. Ku faɗa mana naku labarin, wanne kuke sakawa, kuma wata nawa yake yi muku? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya kiyaye hanya.