Kayan Iyayenmu da Ɗakin Tarihin Zumunta

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na dattawa da wakilan ikilisiyoyi



Kwamitin zumuntarmu ya keɓe ɗaki guda domin ajiye kayan tarihi, ya kuma roƙi kowace ikilisiya da kowane gida su kawo abin da suke da shi. Kabad na nan, ɗan makulli na nan, amma kayan da suka shigo kaɗan ne. Shi ya sa aka ce mu yi magana a kai.

Cikin Joshuwa sura 4, bayan Isra'ilawa sun haye Urdun, Ubangiji ya umarta a ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin a kafa su, domin ranar da yara za su tambayi ma'anarsu iyaye su sami abin nunawa. Cikin Fitowa 16 an ajiye manna cikin tulu saboda tsararraki masu zuwa. Manzo Bulus kansa, yana kurkuku, ya aika wa Timoti ya taho masa da alkyabbarsa da littattafansa da fatun rubutu. Ajiyar kaya ba rashin bangaskiya ba ce.

Mu kuwa muna da dalili na musamman. Sau nawa ɗanmu ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa aka dubi sunansa aka ce ai Bahaushe ba ya Kirista? Sau nawa aka ta da gardama kan filin majami'a ko makabarta aka ce mu kawo shaida? Alhali ba jiya muka fara ba. Dokta Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. Zuriyar Isawa sun taru a Gimi kafin ciwon barci ya watsa garin. A 1929 mishan ta koma Wusasa, a 1932 kuma Littafi Mai Tsarki ya fito dungum da Hausa. A ƙarshen shekarun 1930 SIM ta karɓi aikin jinyar masu kuturta a Amanawa, Babbar Ruga da Yadakunya, kuma kakannin da yawa daga cikinmu a can suka fara jin bishara. Daga Wusasa Dokta Dikko ya fito, likitan farko a Arewa, haka nan Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

To, ina shaidar duk wannan? Takardun CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila, na SIM suna Amurka. Turawa sun adana nasu, kuma labarin da ke ciki yawanci nasu ne. Mai bisharar da ya taka keke zuwa ƙauyuka goma, da uwar da ta koya wa mata karatu a gindin kuka, sau da yawa ko sunansu babu. Nasu labarin yana ƙarƙashin gadajenmu, cikin akwatin ƙarfe, gara da kyankyasai suna karanta shi a madadinmu.

Abin da muka fi bukata shi ne rajista: littafin baftisma, na aure, na baiko, na taron dattawa, da takardun fili. Bayan su sai katin baftisma, tsofaffin hotuna, wasiƙu, Littafi Mai Tsarki na 1932 musamman wanda aka rubuta haihuwar 'ya'ya a bangonsa, kaset na wa'azi da na waƙoƙin zumuntar mata, tsohon ankonsu, har da guntun ƙarfen da ake bugawa a kira sujada kafin a sayi ƙararrawa. Amma kada a kawo kaya ba labari. Hoton da ba a san mutanen cikinsa ba takarda ce kawai. A zauna da tsohuwar gidan tun tana da rai, a rubuta suna, gari da shekara.

Mun ji damuwar wasu iyaye, kuma ba mu raina ta ba. Sun ce tara kaya wuri ɗaya tara wa wuta ne. Waɗanda suka ga Maris na 1987, lokacin da rikicin Kafanchan ya bazu zuwa Zariya, Kaduna da Funtuwa aka ƙone majami'u, sun san abin da suke faɗi. Amsarmu ita ce kada kome ya shiga kabad sai an ɗauki hotonsa shafi shafi da waya, a ajiye kwafi a garuruwa uku dabam dabam. Wanda zuciyarsa ba ta sake ba ya kawo a ɗauki hoto ya koma da abinsa. Wanda ya ga dama ya bayar aro na shekaru, wani kuma kyauta har abada, amma kowanne a rubuce, da sa hannun magada da shaidu biyu, don kada gobe jikoki su zo da rigima.

Akwai batun da ya fi wannan nauyi. Wasu gidaje har yanzu suna da kayan bori ko layun da kakanni suka rabu da su ranar tuba. Yawancin iyayenmu ƙonewa suka yi, kamar mutanen Afisa cikin Ayyukan Manzanni 19, kuma ba mu ce sun yi kuskure ba. A ganinmu abin da ya saura kada ya shiga ɗakin sai dattawan ikilisiyar mai shi sun yarda, kuma a ajiye shi tare da shaidar tubar mutumin, ba shi kaɗai ba. Mu tuna sarki Hezekiya ya farfasa macijin tagulla da Musa ya ƙera sa'ad da jama'a suka fara ƙona masa turare. Ɗakin nan wurin koyo ne, ba a zuwa neman albarka a jikin kaya, ko da rigar babban fasto ce.

Haka kuma littafin horo. A cikinsa akwai sunayen waɗanda aka dakatar daga Jibin Ubangiji, da laifinsu, kuma 'ya'yansu suna zaune tare da mu a yau. A karɓe shi, a adana shi, amma a kulle, kada a buɗe wa kowa sai da izinin majalisar dattawa.

Roƙo ɗaya ga masu kawowa: kada a manna yagaggen shafi da salatif, kada a kai tsohuwar takarda a liƙe ta da roba, domin zafin injin da gam suna lalata ta. A naɗe ta cikin farar takarda yadda take. Sakatare zai zauna a bakin ƙofa bayan addu'ar rufewa domin rubuta sunayen ikilisiyoyin da suke so kwamiti ya ziyarce su kafin damina ta sauka.