Ciwon Daji: Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Rumbun Manomi



Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka da suna zan fara. Bahaushe ya kira sankara "ciwon daji", kamar dai abu ne da ke faɗo wa mutum daga jeji. To, mutumin Gayam a ƙasar Birnin Gwari ya san daji, ya kuwa ga irin nasa sharrin a shekarun da 'yan bindiga suka hana noma. Amma yau ina so in nuna muku cewa wani kashi na wannan ciwo a cikin gida yake kwana, a rumbun masara da buhun gyaɗa. Dabbobin ɗakin gwaji ne suka tona asirinsa.

A 1915 wani masani a Tokiyo, Katsusaburo Yamagiwa, da abokin aikinsa Ichikawa, suka yi wata da watanni suna shafa kwalta a kunnen zomaye, har sankara ta fito. Wannan shi ne karo na farko da aka haddasa ciwon da gangan ta hanyar sinadari. Darasin kuwa shi ne, ɓarnar ba ta kwana ɗaya ba ce, sannu a hankali take ginuwa.

Daɗa sai 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Da aka bincika sai aka tarar da wata funfuna a cikinta mai fitar da guba, aka sa wa gubar suna afulatoksin. A 1961 aka ciyar da ɓeraye irin wannan tunkuza, ba su mutu nan take ba, amma daga baya sankara ta kama hantarsu. A 1967 Wogan da Newberne a Amurka suka nuna cewa ɗan mitsitsin abu ya isa. Gwargwadon giram 15 cikin buhu 10,000 masu kilo 100, shi ne awon da ya sa wa dukan ɓerayen ciwon, bayan sun yi fiye da shekara suna ci.

Yaya abin yake faruwa? Aikin hanta shi ne narkar da guba don jiki ya fitar da ita. Garin wannan aiki sai ta mai da afulatoksin wani abu mai kaifi, wanda kan manne wa kundin umarnin da ke cikin ƙwayar halitta, wato DNA. Idan ƙwayar ta rabu biyu kafin a gyara wurin, kuskuren ya zama gado ga 'ya'yanta. In ya faɗa kan sashen da ke tsawata wa ƙwaya kada ta yi ta haihuwa, shi ke nan, linzami ya tsinke.

Wani zai ce, ai mutum ba ɓera ba ne. Gaskiya ne, domin ko ƙaramin ɓeran gida ya fi babban jure wa wannan guba. Shi ya sa aka koma kan mutane. A 1987 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa afulatoksin cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Binciken da aka yi a Shanghai kuma ya nuna haɗarin yakan ninka kusan sau 60 ga wanda ya haɗa gubar da ciwon hanta nau'in B.

Yanzu mu dawo Gayam. Masarar da aka kwashe cikin gaggawa aka zuba a rumbu da sauran danshi, da gyaɗar da aka tsince mai kyau aka kai kasuwa aka bar ruɓaɓɓiyar don ƙuli-ƙulin yara, nan ne funfunar take samun gindin zama. Tafasa da suya ba sa kashe gubar, kuma saniyar da ta ci tana fitar da wani kashi a nono.

Saboda haka ku malaman gona, ku koya wa manomi ya busar da amfani sarai a kan tabarma ko leda, ya tsince mai funfuna ya binne. Ku kai masa labarin Aflasafe, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Ku malaman lafiya, allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana cikin allurar jarirai a Nijeriya tun 2004, ku tabbata ta isa ƙauye. Rigakafi dai ya fi magani.