Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Man Fetur da Rijiyoyin Ƙasar Ɗambatta

(Jawabin da wani ɗalibin kimiyyar ƙasa ya gabatar a taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan ƙasar Ɗambatta lokacin dogon hutu.)



An umurce ni in yi magana a kan yadda man fetur da ƙazamin ruwan da ke tafiya tare da shi suke ɓata ruwan sha. Na san a cikin zauren nan akwai mai cewa a ransa, ina ruwan biri da gada? Mu da ba mu da rijiyar mai ko ɗaya, muna zaune bisa jigawa muna noman gero da gyaɗa, me ya haɗa mu da kukan mutanen bakin teku? To, ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron kunnensa, domin ina son in nuna masa cewa man ya riga ya iso bakin rijiyar gidansu.

Bari mu fara da abin da ke fitowa daga rijiyar mai. Mutane da yawa suna zaton mai ne zalla ke ɓulɓulowa, alhali kuwa man yana kwance ne cikin ƙofofin dutse tare da wani tsohon ruwa da ya yi shekaru miliyoyi a can, kuma tare suke haurowa. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya, kowace gangar ɗanyen mai tana zuwa da kimanin ganga uku ta wannan ruwa, kuma gwargwadon tsufan rijiya gwargwadon yawan ruwanta. Rijiyar iskar gas ita ma tana fid da irinsa. A wurare da yawa ya fi ruwan teku gishiri, ga maiƙo, ga ƙarafa masu guba irin su dalma. Hanyar gaskiya ita ce a tace shi, ko a mai da shi can ƙasa inda ya fito. Hanya mai araha kuwa ita ce a haƙa rami a zuba, a juya baya. Duk manomin da ya taɓa ganin kanwa ta taso a fadama ta hana shuka tsiro ya san abin da irin wannan ruwa zai yi wa gona.

Abin da ya faru a ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas ya isa misali. A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fid da rahoto bayan ta duba wurare fiye da 200. A wani gari da ake kira Nisisioken Ogale, ta tarar mutane suna shan ruwan rijiyar da sinadarin binzin da ke cikinsa ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita sau fiye da 900. Ta kuma tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana kwance bisa ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin ke sha daga gare shi. A Ejama-Ebubu an sami gurɓatar tana nan daram bayan kimanin shekara 40 da malalar. Hukumar ta ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30, watau yaron da aka raɗa wa suna ranar da aka fara aikin zai yi aure ya haihu ba a gama ba.

Ga wurin da nake son jama'a su tsaya su lura. Man da aka samu a ƙarƙashin Ogale ba ɗanye ba ne. Tatacce ne, ya tsiyayo daga bututun da ke ɗaukar man da aka riga aka tace. Irinsa ne aka shimfiɗa wa bututu daga Kaduna zuwa defon Hotoro a Kano, irinsa ne tankoki ke ratsa garin nan da shi a kan hanyar Kazaure da Daura, kuma irinsa ne ke binne cikin tankunan ƙarfe a ƙarƙashin kowane gidan mai da ke bakin titinmu. Ashe ba sai gari yana da rijiyar mai ba kafin mai ya shiga ruwansa.

Shi binzin ɗin nan wani sashe ne na fetur, kuma an tabbatar yana haddasa sankarar jini ga wanda ya daɗe yana shansa ko shaƙarsa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikirogiram 10 cikin lita guda ta ruwa, shi kuwa maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Mu yi lissafi irin na 'yan aji biyu. A ce binzin kashi ɗaya ne kacal cikin ɗari na fetur. Lita guda ke nan tana ɗauke da kusan giram 9, wanda ya isa ya kai ruwa lita kusan dubu 900 bakin wannan iyaka. Idan ɗan garuwa zai jera wannan ruwa a jarkoki masu lita 25, sai ya nemi jarka wajen dubu 36. Wannan lita guda ke nan, abin da ɗan bumburutu kan zubar a ƙasa wajen ɗura wa babura bai ko waiwaya ba.

Yaya yake isa rijiya? Ƙasarmu rairayi ce, tana shan abin da aka zuba mata kamar yadda tuwo ke shan miya. Mai ya fi ruwa sauƙi, saboda haka yakan nutse sannu sannu har ya iske ruwan ƙasa, sa'an nan ya kwanta a kansa. Da damina ruwan ƙasa ya hauro, da rani ya sauka, man yana binsa sama da ƙasa yana shafe rairayin da ke tsakani, kowace shekara kuma sabon ruwan sama ya wanko wani abu daga ciki. Can ƙasa babu rana, babu isasshiyar iska, shi ya sa abin da zai bushe cikin yini guda a kan kwalta yakan yi shekaru a can. Rijiyoyinmu na guga, da burtsatse marasa zurfi, da ƙananan bututun da masu noman rani ke kafawa a fadama, duk daga wannan ruwa na sama-sama suke sha.

Tun muna yara aka koya mana a littattafan fiƙihu cewa ana gane canjin ruwa da abu uku: launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙanshinsa. Wannan ma'auni ne na tsarki, kuma ya yi wa iyayenmu amfani ƙwarai. Amma wajen guba bai isa ba. Binzin ya fi sauran 'yan'uwansa saurin narkewa cikin ruwa, don haka shi ke yin gaba, ga shi ba shi da launi, hanci kuma ba ya jinsa sai ya wuce iyakar nan nesa ba kusa ba. Ranar da uwargida ta ce ruwan randa yana warin kananzir, lalle an daɗe ana sha. Dabarun da muka sani kuma ba su da tasiri a nan. Tata da ƙyalle ta taimaka wajen korar kurkunu, har aka shaida Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Alam yana kwantar da laka, tafasawa tana kashe ƙwayar kwalara. Amma ƙyalle ba ya tare abin da ya narke, tafasawa kuwa sai dai ta kori binzin cikin iskar ɗakin girki, ta bar gishiri da dalma a tukunya.

Yanzu kowa ya zaga garin nan da idon zuciyarsa. Bakanike ya juye baƙin mai a bayan gareji, ruwan sama ya kai shi kududdufi. Maigida ya karɓo galan guda ya zuba a masai don maganin wari da sauro, rijiya kuwa tana taku goma daga wurin. Mai injin niƙa da mai janareta kowa da baƙin tabonsa a ƙasa. A bakin Dam ɗin Tomas, wanda aka gama a 1976, injin ban-ruwa ya daɗe da maye gurbin jigo, ana zuba masa mai ana wanke shi a bakin ruwan da ake kama kifi, ake shayar da shanu, ake ban-ruwan tumatir da albasa. Ba ina zargin kowa da mugunta ba ne, ba wanda ya taɓa gaya musu. Sai kuma tankokin da ke faɗuwa. Dukanmu mun tuna da Majiya ta Jihar Jigawa, inda a watan Oktoba na 2024 wuta ta ci mutum fiye da 150 wajen kwasar man da ya malale a magudanar ruwa, Allah ya ji ƙansu. A irin wannan rana hankali kan tafi ga wuta, haka kuma ya kamata. Sai dai man da bai ƙone ba ƙasa ce ta sha shi, kuma tanka guda kan ɗauki lita dubu 33 ko fiye.

Manyan ayyukan mai su ma ba su yi mana nisa ba. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, a kogin Romi take sakin ruwan da ta yi aiki da shi a shekarun da take tace mai, kuma masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna kogin suna samun maiƙo. A 2011 aka buɗe matatar Soraz a arewacin Damagaram. A watan Nuwamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, aka yi ta murna Arewa ta sami mai. Ni ma ina murna. Amma mutanen Oloibiri ma sun yi murna a 1956.

Abin da ya fi wahalar da mutanen kudu a gaban shari'a shi ne hujja. Mutanen Bodo, waɗanda mai ya malale musu a 2008 da 2009, sai a 2015 kamfanin Shell ya yarda ya biya su fam miliyan 55, bayan sun kai ƙara har Landan, an kuma daɗe ana gardama a kan yawan man da ya zuba. Wanda bai auna ruwansa yana da kyau ba, ranar da ya ɓaci za a ce masa da ma can haka yake, ba shi kuwa da takardar da zai ɗaga. Doka tana nan: dokar soja mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara, a kuma ajiye rahoton inda jama'a za su karanta su yi magana. A 2006 an kafa hukumar NOSDRA domin bin sawun malalar mai. Amma rahoton da aka ajiye a ofis da Turancin injiniyoyi, wa zai karanta wa dagaci shi in ba mu ba?

Saboda haka ga roƙona. Mu ɗalibai, musamman 'yan Jami'ar Bayero da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke garin nan, mu buɗe littafin rijiyoyi a wannan hutu. Mu nemi izinin masu unguwa, mu shiga unguwa unguwa, mu rubuta zurfin kowace rijiya, da shekarar da aka haƙa ta, da taku nawa ne tsakaninta da gidan mai ko gareji ko masai mafi kusa. Na'urar auna gishirin ruwa 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihu. Awon binzin kam sai ɗakin gwaji, to sai mu zaɓi rijiyoyin da suka fi kusa da tankunan mai mu roƙi malamanmu su taimaka. A yi awo ɗaya a ƙarshen damina, ɗaya a tsakiyar bazara, a sa kwanan wata, a sa hannu, a kai kwafi ofishin duba-gari, a bar kwafi wurin hakimi.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, a teburinku takardar neman filin gidan mai take fara sauka, ko da ba ku ne masu sa hannun ƙarshe ba. Kafin ku tura fayil gaba, ku rubuta tambaya biyu a gefensa: ina rijiya mafi kusa da wannan fili, kuma wa zai riƙa gwada tankin da za a binne don a san ko yana yoyo? Tankin ƙarfe yana tsatsa a cikin ƙasa, ramin da bai fi na allura ba kuwa yana iya ɗiga shekara da shekaru mai gidan man yana zaton yaransa ne ke yi masa ƙwange.

Malam Shugaba, na ga ka duba agogo. Takardar da za a rubuta sunayen masu son shiga aikin littafin rijiyoyi tana wurin magatakarda a bakin ƙofa, za mu fara da unguwannin da ke bakin titin Daura ranar Asabar bayan sallar La'asar.