Zuri'o'in Sauro a Gaɓar Tafkin Kainji

  

Tun daga 1968, sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, kogin Kwara ya malale ya zama tafki, aka tashi Gungawa daga gungunansu, jama'ar Yauri da Ngaski da Shanga suka wayi gari suna maƙwabtaka da ruwan da ba ya ƙafewa rani da damina, ga kifi ga shinkafa, amma kuma ga sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya iske ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Jihar Kebbi, adadin da babu jihar da ta kai shi.

Abin da nake so mu yi tadabburi a kansa shi ne, wannan halitta da muke kira da suna ɗaya haƙiƙa zuri'o'i ne mabambanta, waɗanda ido ba ya rarrabe wasunsu sai an duba ƙwayoyin gadonsu. Anopheles gambiae tana ƙyanƙyasa a kududdufin damina, coluzzii ta fi son ruwa mai daɗewa irin na fadamar shinkafa, funestus tana laɓewa cikin ciyayin bakin tafki, ita kuwa arabiensis tana cizon shanu da mutane, sau da yawa a waje, inda gidan sauro ba ya amfani.

Wata hujjar wannan bambanci a ƙasar Hausa aka kafa ta. A Garki, ta Jihar Jigawa a yau, tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani bincike da ya haɗa da feshin magani a ɗakuna, cutar ta ragu amma ba ta yanke ba, kuma shehin malami Mario Coluzzi na Italiya da abokan aikinsa suka nuna cewa wani ɓangare na sauron, bisa ga tsarin gadonsa, yana sha ya fita waje ya huta, feshin bai riske shi ba. Daga baya, a 2017, aka karanta ƙwayoyin gadon sauro 765 daga ƙasashen Afirka 8, aka sami saɓani fiye da miliyan 50, wanda daga cikin irinsa ne juriyar maganin da ke jikin gidan sauro take fitowa ta yaɗu.

Allurar rigakafi ta R21 da aka fara a jiharmu ta Kebbi a Disamban 2024 ni'ima ce, iyaye su kai 'ya'yansu. Sai dai roƙona ga malaman jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Aliero shi ne su zo gaɓar nan, rani da damina, su kama sauron rugage da sansanin masunta, su tantance mana zuri'ar da ke cizonmu da maganin da har yanzu yake kashe ta. Allah Ya ba mu lafiya.