Haƙƙin da Ke Kan Direba Bayan Aukuwar Haɗarin Mota



Galibin gargaɗin da ake yi wa direbobi yakan tsaya ne a kan rigakafi, watau a rage gudu, a duba taya da birki, kada a yi tuƙi da barci a ido. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani fanni da ba a cika tattaunawa a kansa ba, shi ne abin da ya wajaba direba ya yi idan mai aukuwa ta riga ta auku. A kan wannan fanni laccar yau za ta tsaya, domin mutane da yawa sukan fita daga karo da sauran numfashinsu, sa'an nan su cika a gefen titi saboda rashin mai taimako, ko kuwa saboda taimakon da aka yi musu cikin jahilci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum 1,190,000 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yawancin ɗaliban jami'a cikin wannan rukuni suke. A Nijeriya kuwa, yawan asarar rayuka ne ya sa gwamnati ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Sai dai duk ƙoƙarin hukuma, ba za ta riga direba isa wurin ba, tun da shi a can abin ya same shi.

Wajibi na farko shi ne tsayawa. Doka ta ɗora wa direba wannan, hankali ma ya ɗora masa. Sanin kowa ne abin da ke sa wasu su tsere, watau tsoron kada jama'a su ɗauki doka a hannunsu, musamman in yaro aka buge a cikin gari. Wannan tsoro yana da dalili. Saboda haka idan direba ya ga alamar za a far masa, sai ya zarce kai tsaye zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya miƙa kansa, ya faɗi inda abin ya faru domin a kai ɗauki. Wanda ya yi haka ya nemi mafaka ne a wurin hukuma. Wanda kuwa ya wuce gida ya ɓoye mota, ya mai da tsautsayi ya zama laifi, kuma ko da a farko shi ke da gaskiya, da wuya alƙali ya sāke yarda da maganarsa.

Wajibi na biyu shi ne hana haɗari ya haifi wani. A kashe inji, a ja birkin hannu, a kunna fitilun gargaɗi, a sa alamar nan ja mai kusurwa uku can baya da motar, kamar taku 50 ko fiye, balle in kwana ce ko gangara. Al'adar zuba ganye a kan titi tana da amfani in babu alamar, muddin za a kwashe shi bayan an gama. Idan ana jin warin fetur, kada kowa ya kunna taba ko ashana, a kuma kori 'yan kallo. Abin da ya faru a garin Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoba 2024 ya isa ishara. Tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru ɗiban fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka halaka, alhali faɗuwar tankar ba ita ta kashe su ba.

Wajibi na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne ceton rai. A fara kiran agaji. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa baki ɗaya kuwa 112, duka kyauta ne. Mai kira ya faɗi sunan hanya, da gari mafi kusa, da yawan waɗanda suka ji ciwo. Daga nan a duba mutane, a fara da wanda ya yi shiru, domin mai ihu yana numfashi. Wanda jini ke zuba daga jikinsa, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi ba sassautawa. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa a hankali, kansa da wuyansa da gadon bayansa a miƙe, don kada amai ko jini ya shaƙe shi. In wani ƙarfe ko gilashi ya nutse a jiki, kada a zare, aikin likita ne.

A nan ne tausayi marar ilimi ke yin ɓarna. Sau da yawa akan ga an fizgo mutum daga cikin mota, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa. Idan ƙashin wuya ko na baya ya karye, irin wannan ɗauka tana iya tsinka laka, mutum ya shanye har iyakar ransa. Don haka ba a motsa wanda ake zaton ya karye a nan sai in wuta ko wata halaka na tafe. Haka kuma ba a ɗura wa wanda ya ji ciwo ruwa, ko da ya roƙa, domin yana iya sarƙe shi, yana kuma iya kawo cikas in za a yi masa tiyata.

Wasu kan ƙi ɗaukar majinyaci saboda zaton asibiti ba za su karɓe shi ba sai da takardar 'yan sanda. Ya kamata ma'aikata su san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da magani na gaggawa bisa kowane irin dalili, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Magani ke gaba, takarda ta biyo baya.

Sai an gama da mutane ake komawa kan ƙarfe. Direbobi su karɓi sunan juna da adireshi da lambar mota da bayanin inshora, a nemi shaidu, a ɗauki hoton yadda motocin suka tsaya kafin a kawar da su. Ba wurin gardama ba ne, ba kuma wurin yanke hukunci ba. A kai rahoto ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba, a sanar da kamfanin inshora. Tun 1945 aka yi dokar da ta tilasta wa mai mota yin inshorar da ke biyan wanda ya yi wa ɓarna, amma takardar jabu da aka saya a bakin tasha ba ta biyan kowa, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Mai tuƙa motar gwamnati ya rubuta wa shugabansa rahoto nan take. Sulhun gefen titi yana iya wadatarwa in fitila ce ta fashe, amma in an ji ciwo ko an rasa rai, dole hukuma ta sani.

Daɗin daɗawa, ga Musulmi al'amarin bai ƙare a kotu ba. Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta yi bayanin hukuncin kisan kuskure, watau diyya ga magada sai in sun yafe, da kuma kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Shari'a ba ta kira mai kuskure mai kisan kai ba, amma ta bar masa haƙƙi a wuyansa. Direban da ya gudu ya hana magada haƙƙinsu, ya hana su ma damar yafewa.

A taƙaice, tsarin shi ne a tsaya, a tsare hanya, a ceci rai, sa'an nan a sanar da hukuma. Ya dace makarantun koyon tuƙi da ƙungiyoyin direbobi da ma'aikatun gwamnati su sa taimakon farko cikin abin da suke koyarwa, domin wanda bai koya ba tun yana cikin natsuwa, ba zai iya ba ranar da hankalinsa ya tashi.

Allah ya kiyaye hanya.