Jawabi Ga Masu Koyar Da Sana'a A Bompai Da Sharaɗa Da Challawa: Yadda Ake Shirya Tambayoyin Gwaji

Jama'a, tun kafin zuwan inji Kano ta shahara da jima da rini da saƙa. A wancan zamani yaro yakan zauna gaban maigidansa shekara da shekaru, maigida yana lura da hannunsa. In ya ga ya ƙware sai ya matsar da shi gaba, in kuwa ya ga yana tuntuɓe ya mai da shi baya. A masana'antun yau mai koyarwa guda ne da yara da yawa, ba shi da sukunin bin kowa da ido.

A nan ne manhajar koyo ta intanet take da amfani. Takan aika wa ɗalibi tambaya a wayarsa. In ya amsa daidai ta ba shi wadda ta fi wuya, in ya faɗi ta sassauta, bayan 'yan kwanaki kuma ta sake kawo masa wadda ta kayar da shi. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1905 Alfred Binet na Faransa ya jera tambayoyin gwajin yara daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kafin nan kuma, a 1885, Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon koyo. Samarin Kano ma ba baƙin amsa tambaya a kwamfuta ba ne, gama tun 2015 JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan na'ura.

Amma fa na'ura ba ta san jima ba. Abin da aka zuba mata shi take rabawa, saboda haka nauyin yana wuyan mai rubuta tambaya.

Ga misali daga majemun Challawa. Ana cire gashin fata da farar ƙasa da sinadarin salfaid, daga baya a sa asid da gishiri. In ruwan nan biyu suka haɗu, wata iska mai guba takan tashi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka takan kwanta a rami da kwata, in ta yi yawa kuma takan kashe jin wari kafin ta kā da mutum. Malami mai kasala zai tambayi sunan iskar da Turanci, yaro ya haddace, ya ci, bai tsira daga kome ba. Malami mai lura kuwa zai rubuta: "Abokin aiki ya faɗi cikin ramin ruwan jima, wari kuma ya ɗauke. Me ya kamata a yi?" Sa'an nan ya jera amsoshin kuskure irin waɗanda zuciya take saƙa wa mutumin kirki, watau a riƙe numfashi a sauka da sauri, ko a ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, ko a ce ai iskar ta wuce. Amsar gaskiya ita ce a ja da baya, a yi kururuwa, kada kowa ya sauka sai mai na'urar numfashi. Lalle a rubuta dalili ƙarƙashin kowace amsa, gama mai kai ɗauki yakan zama gawa ta biyu a irin wannan rami.

Wuyar tambaya ba a saninta da ka. Abin da tsohon hannu yake gani wasa, ga sabon shiga dutse ne. Sai a gwada ta kan mutane tukuna. In ƙwararru suna faɗuwa, sababbi suna ci, to, tambayar ce take da ciwo, a gyara ta ko a yar. Tambaya guda kuma abu guda za ta auna, kada a cusa lissafi da tsaro a wuri ɗaya, domin manhaja ba za ta gane wanne ya kā da yaro ba.

A rubuta da Hausar da ake yi a bakin inji, da hoto ko murya saboda waɗanda bokonsu bai yi nisa ba. Wanda yake shirin gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga daraja ta uku zuwa ta ɗaya, zai amfana ƙwarai, sai dai a can aikin hannunsa ma za a duba, wannan kuwa har yanzu a gaban maigida ake koyonsa.