Haƙƙin Talaka a Ƙasar Gobir da Abin da Tsarin Mulki Ya Tanada

Mutumin Sabon Birni ko na Isa ba ya bukatar a karantar da shi cewa harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka zalunci ne. Kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannunsu cikin Agustan 2024 ya isa shaida. Zaluncin da ke da wuyar ganewa shi ne wanda ya zo sanye da kayan sarki.

A ɗauki misalin manomin da aka tsare saboda rikicin iyakar gona. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin awa 24 su cika. In akwai kotu tsakanin kilomita 40, wajibi ne a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya. Amma sai ya kwana biyar a rufe, dangi su sayar da akuya su biya kuɗin beli, alhali belin 'yan sanda kyauta ne, har ma su yi godiya. Nan kuwa sashen ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya, hukuma kuma ta ba shi haƙuri a bainar jama'a.